Goyon da Yaya Kulu Ba Ta Yaye Ba

Shekara goma ke nan, a irin wannan lokaci na yankan gero, da rasuwar yayata Hauwa'u, wadda kowa ya fi sani da Kulu. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta. Na sha ɗaukar alƙalami in yi rubutu a kanta in ajiye, domin abin da na gani ranar da ta rasu ba irin labarin da ake ba kowa ba ne. Ni malamar makaranta ce, na tsufa ina hana yara yarda da zancen fatalwa, kuma ni Musulma ce, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma bana wani abu ya faru a Anka, a gidan 'yarta Luba, da ya sa na ga shirun ya isa haka.

Mu biyu ne mata a ɗakin Innarmu a Gummi, ita babba, ni Saratu ina bi mata. Kulu ce mace ta farko a unguwarmu da ta yi makarantar koyon aikin lafiya. Da ta gama aka tura ta wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, can gaba da Nasarawa Burkullu, ɗaki biyu da baranda da benci ɗaya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, yau babu kowa a cikinsa sai ƙadangaru. Ita ke awon ciki, ita ke karɓar haihuwa, ita ke rigakafi. Matan da mazansu ba sa yarda namiji ya duba su, saboda ita suka fara fitowa. Matan rugage kuwa har nono da man shanu suke kawo mata a ƙwarya, tana ƙi suna ajiyewa a bakin ƙofa su tafi.

A wannan ƙauye ta auri Malam Ɗahiru, manomi, mutum mai sanyin hali, wanda gidansu ke kusa da asibitin har ana hango kwanon rufinsa ta saman katanga. Kafin a ɗaura aure ya yi wa Babanmu alkawari ba zai hana ta aiki ba. Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne, ya cika alkawarin. Bai taɓa buɗe baki ya ce kada ta tafi ba. Da ya hana ta, da na san wanda zan yi wa Allah ya isa in huta.

Gidan gandu ne, shi da ƙannensa, ga tsohuwarsu da ɓarin jikinta ya shanye, sai an kwantar sai an tayar. Ruwa sai an janyo daga rijiyar bayan gari, ga surfe, ga daka, ga tuwon rana na masu gona. Da Kulu ta haifi Luba ta gama wankan jego a wurin Inna, ta koma aikinta da goyo a baya. Sai ta dawo da azahar a gajiye ta iske murhu da sanyi, tsohuwa ta ɓata shimfiɗa, maza kuma suna zaune a inuwar zaure suna jiran tuwo. Ba su taɓa yi mata faɗa ba. Sai dai su ce, "Sannu da aiki, Malama," su gyara zama. Ta daure iya daurewa, ta rame har sai da Inna ta tsorata, daga nan ta ce za ta ɗan dakata da aikin, sai ta yaye yarinyar.

Wannan kalma ta "sai na yaye" ita ta cinye mata shekarunta. A al'adarmu in za a yaye yaro wurin kakarsa ake kai shi, to duk ranar da aka ɗauki ɗan Kulu aka nufi Gummi da shi, a ranar take buɗe adaka ta ciro farar rigarta ta aiki, ta wanke, ta sa mata bula, ta shanya a igiyar tsakar gida. Har maƙwabta sun gane, da sun hango farar riga tana kaɗawa ta saman katanga sai su ce Kulu ta yi yaye. Amma kafin a dawo da yaron daga Gummi, ta fara amai da kwaɗayin tsami. Sai ta ninke rigar ta mayar inda ta ɗauko ta. Bayan Luba maza uku ta jera, kuma kowane yaye sai an ga rigar nan a igiya.

Ni bakina ba shi da linzami, wannan kowa ya sani. Na taɓa ce mata, "Yaya, zaman jiran gawon shanu kike yi." Ta yi dariya ta ce, "Saratu, bakinki ya hi ki girma. Bari in yaye wanga." Amma na sha lura da ita, tana cikin daka in ta ji babur ya tsaya a ƙofar asibiti, sai taɓarya ta tsaya mata a sama tana saurare. Daga jin yadda ake kiran suna takan gane naƙuda ce aka kawo. Sai an yi shiru sannan ta ci gaba da dakanta.

Abu ɗaya ta kafe a kansa. Tun Luba na 'yar firamare ta miƙo mini ita riƙo a Gummi, ta ce in yi mata karatu har inda ƙarfina ya tsaya. Da aiki ya yi mata yawa, dangin mijinta suka ba ta shawara ta dawo da yarinyar ta riƙa yi mata raino, tunda ga mace ta tasa. Kulu, wadda ba ta musu da kowa, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za a yi haka ba. 'Yan mazan nata uku kuwa suna nan suna yawon harbin tsuntsu, ba wanda ya taɓa tunanin a ba su riƙon jariri, har ita kanta.

Sai zinari ya zo. Duk mai shekaru a ƙasar Anka da Bukkuyum ya san wannan zamani, lokacin da maza suka riƙa kwaso duwatsu a buhuna daga ramuka suna kawowa cikin gida, mata su farfasa su daka a tsakar gida, kusa da inda ake surfe, kusa da inda yara ke rarrafe. Aiki ne aka ƙara wa mata a kan wanda suke da shi. A lokacin Kulu na goyon autanta Usman, muna ce masa Mani. Ta faɗa wa mijinta ƙurar nan ba ta kwanta mata a rai ba, ya ce kowa ma haka yake yi, kuma gaskiya ne kowa haka yake yi. Ba mai riƙe mata yaron, don haka da shi a baya take dakan dutsen, farar ƙura tana sauka a kan hularsa.

Ta riga ta ce Mani ne na ƙarshe, har ta fara cigiyar yadda za a mayar da ita aiki. Saura kaɗan a yaye shi yara suka fara shiɗewa a ƙauyen, gida-gida, ana kai wannan maƙabarta ana dawowa a iske wani. Mani na cikin waɗanda suka tafi. Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Kulu ta tsaya tana kallon masu kankarar. Ba ta yi kukan da zai ɗaga wa kowa hankali ba, kuma daga ranar ban sake jin ta ambaci aiki ba.

Shekaru kaɗan bayan haka ta fara mantuwa. Ta ɗora tukunya ba ruwa, ta kira ɗanta da sunan ƙaninmu da ya rasu tun muna yara. An kai ta asibiti, an yi rubutu, an yi hayaƙi, ba wanda ya yanke mana ko ƙurar ce ko baƙin ciki ne ko wani abu dabam. Sai wata safiya matan gidan suka gan ta ta fito cikin farar rigar nan, wadda ta koma ruwan ƙwai saboda ajiya kuma ta yi mata yawa, ta ɗaura majanyi a ƙirji tsam, babu komai a bayanta.

Da aka aiko mini na je na zauna da ita, na gani da idona. Tafiyar mai goyo take yi, a ɗan duƙe. In za ta shiga ɗaki sai ta kai hannu baya ta kare kan yaro kada ya bugu da ƙofa. In an ɗaga murya sai ta waiwayo ta ce a yi a hankali ya samu barci, kuma abin mamaki sai kowa ya rage murya. Kullum da hantsi takan bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya, ta juya musu baya tana cewa, "Riƙa mini shi, in tahi in dawo." Wannan ta ce hannunta da kullu, waccan ta ce tana wanki. Ba mugunta ba ce. Suna tsoron in an karɓa ta fita titi ta ɓace, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, suna tsoron karɓar abin da ba su gani ba. Ni ma ban karɓa ba. Akwai ranar da na zo cire mata rigar, na iske wuri ɗaya a jiƙe a ƙasan kafaɗarta ta hagu, daidai inda bakin yaro ke kwanciya, sauran rigar a bushe ƙamas. Hankalina ya ce zufa ce, amma tsigar jikina ba ta yarda ba.

In ta gama zagayen ba wanda ya karɓa, sai ta je bakin zaure ta ciki ta tsaya tana jijjiga goyon har rana ta take, sannan ta koma ɗaki ta cire rigar ta ninke. Ba ta taɓa ƙetare zauren ba, domin ko da hankalinta ya gushe ta san ba a shiga aiki sai an sami mai riƙo. Kuma ba ta taɓa miƙa wa maza ba, ko da kuwa tana jin muryoyinsu a waje suna hira. Hankali ya tafi, amma wannan ƙa'ida ta zauna daram.

Ranar da za ta rasu, Malam Ɗahiru bai je gona ba, lauje ya sare shi a ƙafa yana zaune a cikin zaure a kan buzu. Ina tsakar gida ina dama koko ina jin su. Ya daɗe yana kallonta tana jijjiga, sannan ya ce, "Kulu, mi kike jira?" Ta ce, "Mai riƙo." Ya dubi hannuwansa kamar yau ya fara ganinsu. Sai na ji ya ce, "Kawo shi."

Na ajiye ludayi na leƙo. Ta kwance majanyin a hankali, ta zagayo da goyon ta ƙarƙashin hammata yadda ake yi, ta ɗora masa a hannu. Ta kama gwiwar hannunsa ta ɗaga ta kaɗan. Ta ce, "Tallabe kai. Kada ka aje shi ƙasa, ƙasar ga ba ta da kyau. In an yi azahar ina dawowa." Daga nan ta gyara lulluɓinta ta fita. Na yafa gyale na bi ta daga nesa, kuma wallahi ban taɓa ganin ta miƙe tana sauri haka ba tun tana budurwa.

Kai tsaye asibitin ta nufa. Akwai mata a kan benci suna jiran awo, waɗanda suka manyanta daga cikinsu sun san ta, suka matsa mata. Matashin da ke aiki a wurin ya ga ba ta da lafiya, bai kore ta ba, ya ɗauko mata kujera ya ajiye a baranda. Ta gaisa da kowa da sunan uwarsa. Ta jawo wata yarinya mai ciki, ta duba cikin idonta da tafin hannunta, ta tambaye ta wata nawa, ta ce ta riƙa cin zogale. Fuskarta ta yi wani irin haske da na manta tana da shi. Can sai ta jingina kanta da bango kamar mai gyangyaɗi. Da na taɓa ta na ji hannunta ya saki, ko kiran azahar ba a yi ba.

Kafin in tattara kaina in koma gida an riga an yi salla. Na iske Malam Ɗahiru a inda muka bar shi, hannuwansa a tanƙware a ƙirji, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, damatsansa na rawa. Bai je masallaci ba, mutumin da ban taɓa jin jam'i ya wuce shi ba. Ya ɗago kai ya ce, "Ina take? Hannuwana sun gaji." Na faɗa masa. Ya yi salati, hawaye na zuba a gemunsa, amma bai sauke hannun ba. Sai da liman ya zo ya yi masa magana, sannan ya sa na shimfiɗa majanyin a kan gadonta, ya sunkuya ya kwantar da abin da ke hannunsa a kai, a hankali, kai tukuna sannan ƙafafu. Bayan sadakar uku ya kira ni gefe ya ce, "Saratu, ke kaɗai zan gaya ma. Wallahi da nauyi."

Ban san abin da ya ɗauka ba, kuma ban nemi wani malami ya fassara mini ba. Abin da na sani shi ne, daga ranar hannuwan Malam Ɗahiru ba su koma daidai ba. Yana noma, yana alwala, yana cin tuwo lafiya lau. Amma da zarar ya zauna ba ya komai, sai ka ga hannuwan sun tashi da kansu sun tanƙware a ƙirjinsa, gwiwar hagu a ɗan ɗage. In an yi masa magana ya sauke da kunya, kafin a jima sun koma. Yara suka saba, baƙi kuma suka riƙa ɗauka ciwo ne. Na yi shekaru ina jin haushin mutumin nan, amma duk lokacin da na ga haka sai haushin ya rasa wurin zama.

Ina yawan tambayar kaina me Kulu za ta ce da ta ga yau. Ƙauyen da ta yi wa aiki 'yan bindiga sun watsa shi, asibitin an ce ko ƙofa babu. Matan da ta karɓi haihuwarsu suna zaune a ɗakunan aro a Anka da Gummi, 'ya'yansu suna haihuwa a inda ta kama su. Za ta yi murna da ganin 'yan mata da yawa a makarantun lafiya, wannan ba shakka. Amma na san za ta tambaya ina suke shiga bayan sun gama. Mutum ne zai tayar da jijiyar wuya a asibiti shi namiji ba zai duba masa mata ba, a nemo mace, alhali macen da ake nema tana cikin gidansa ko gidan ƙaninsa tana tuƙa masa tuwo. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a gidajenmu hannu ɗayan ne ke ɗauka, sauran suna yi masa sannu.

Luba ta yi karatun, ta zama ungozomar asibiti, ta samu aiki a Anka, ta auri wani yaron kirki mai shagon kayan noma, Nasiru. Malam Ɗahiru ma da aka tashe su Anka ya dawo, wurin ɗansa, lungu ɗaya da gidan Luba, manomi ba gona. Bara ta haifi mace aka mayar da sunan Kulu, suna ce mata Ummi. Hutun haihuwa ya ƙare, ta roƙi ƙari aka yi mata, shi ma ya ƙare. A wurin aikin an yi mata haƙuri iya haƙuri, aka ce ko ta dawo ko a ba wata gurbin, don masu jira suna da yawa. Sai ga wayarta da rana tsaka ina cikin aji. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Inna Saratu, na ce ko in bari sai na yaye ta."

Alli ya faɗi daga hannuna. Muryar ma irin ta uwarta ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, na ce a raina, washegari na shiga motar Anka, hanyar da yanzu ba a binta sai da addu'a a baki. Ina yin sallama na ɗaga ido, me zan gani a igiyar tsakar gida? Farar riga, an sa mata bula, tana kaɗawa ita kaɗai ba iska. Ta wanke ta ne za ta ninke ta ajiye.

Na zaunar da Nasiru. Cikin ladabi, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, ni fa ban hana ta ba." Nan na manta suruki ne. Na ce masa wannan maganar na taɓa jin ta tun ba a haife shi ba, kuma na san inda ta kai mai ita. Ya ce to wa zai riƙe yarinyar, wa zai yi girkin rana? Mahaifiyarsa tana nesa tana fama da kanta. Ya kawo shawarar a ɗauko wata yarinya daga cikin 'yan gudun hijira ta yi raino, Luba ta ce ba za ta cire 'yar wani daga makaranta don ita ta je aiki ba, na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni kuma ba zan iya tafiya Gummi da jaririyar da ke shan nono ba. Muka yi ta juya magana har ta tsinke, ba mu kai ko'ina ba.

Da la'asar na bi ta lungun na iske Malam Ɗahiru a kan dakali, ya tsufa ƙwarai, hannuwan nan a tanƙware kamar kullum. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanwar mata da mijin yaya, amma ranar ba wasa a bakina. Na ce, "Malam, ɗiyarka za ta ninke riga." Ya dubi hannuwansa, ya dube ni, na wuce ina jin haushin ɓata yawuna.

Da safe muna karin kumallo sai muka ji sallama a zaure. Shi ne. Tun da aka kai Luba gidan bai taɓa taka ƙofar ba saboda kunyar surukuta, kuma da yake 'yar fari ce ko sunanta ba ya faɗa. Ta fito da goyo ta durƙusa. Ya ce, "Ke, tashi ki sa rigarki. Kawo ta nan." Ta ce, "Baba, mutane fa za su gani." Ya ce, "Mutane sun ga abin da ya hi wanga." Ta dube ni, na kawar da kai don idona ya cika. Ta shiga ta saka rigar, ta fito ta kwance goyon ta ɗora masa. Ba a gyara masa komai ba. Kan yarinyar ya faɗa daidai cikin gwiwar hannun nan ta hagu, kamar an auna. Ya ɗan jijjiga ta, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Wagga ba ta kai wancan nauyi ba."

Luba ba ta gane ba, don ban taɓa ba ta labarin dalla-dalla ba. Ya tambaye ta yaushe za ta dawo. Ta ce, "In an yi azahar, Baba." Ya ce, "To ki dawo." Ta hau babur ta tafi, Nasiru na tsaye a gefe ya rasa inda zai sa idonsa.

Na zauna tare da shi a zauren, ni ke dama kunu ni ke canza mata tsumma, amma ko sau ɗaya bai yarda an ajiye ta a ƙasa ba, ko a kan tabarma. Ni na san abin da yake tsoro, shi ma ya san nawa. Rana ta take, lungu ya yi tsit, irin shirun tsakar rana da ko kaza ba ta motsi. Aka kira azahar, bai tashi ba. Aka tayar da salla, aka sallame, masallata suka wuce suna kallonmu. Zufa ta fara tsattsafo masa, damatsansa suka ɗauki rawa. Duk babur ɗin da ya shigo lungun sai mu ɗaga kai tare, ya wuce. Na kama karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ina ganin barandar nan da kujera da bango.

Can sai ga ta, da ƙura a ƙafa, tana ba da haƙuri wai wata haihuwa ce ta riƙe ta. Ta durƙusa ta miƙa hannu ta karɓi 'yarta. Malam Ɗahiru ya bi yarinyar da kallo har ta kama nono. Sannan a hankali ya sauke hannuwansa, suka sauka har kan gwiwoyinsa, ya buɗe tafukan yana dubawa. Ya ce, "Ashe ana dawowa." Ya jawo butarsa ya fita alwala.

Ban ce an gyara duniya ba. Har yanzu in Luba ta dawo ita ke hura wuta, kodayake an ce mini Nasiru ya fara janyo ruwa da sassafe kafin maƙwabta su farka, yana kuma ɗaukar Ummi zuwa shago in tsohon zai je masallaci. Mazan lungun suna tsokanar Malam Ɗahiru da mai raino, shi kuma ya ce Ummi amaryarsa ce, mai baƙin ciki ya mutu. Tsoho ne, ban san iya kwanakin da zai yi yana wannan riƙo ba, kuma abin da ya yi bai dawo da Mani ba, bai dawo wa Kulu da shekarunta ba. Ya makara, shi ma ya san ya makara. Amma Luba ta ce tun ranar, in yana zaune ba yarinyar, hannuwansa a kan cinyarsa suke kamar na kowa.

Da na tashi auna abin da ya rage na yayata, ban sami gida ko gona ko wani muƙami ba. Aikin da ta yi wa karatu shekaru kaɗan ta yi shi, sai safiya ɗaya a ƙarshe. Abin da ya rage shi ne 'yar da ta hana a mayar mai raino, da tsoho guda da ta koya wa tallabar kai. Majanyin kuwa yana wurina a ƙasan akwati, ban wanke shi ba, ban kuma cika son buɗe wurin ba. Allah Ya gafarta wa Kulu, Ya haɗa ta da Mani a inda ba a dakan dutse, Ya kyautata namu zuwan.

In Allah Ya kai mu, baɗi za a yaye Ummi, kuma tunda kakarta ba ta nan, wurina za a kawo ta Gummi. Na riga na gaya wa Luba, in ranar an ga farar riga a igiyarta, to dattin aiki ne ya sa aka wanke ta, da safe za a sake sawa.